Faɗin Fukafukan Malam-buɗe-littafi: Darasi a Kan Awo da Kwatanci

1.0 Gabatarwa

Malamin da aka tura koyarwa a karkara, a gari irin su Lafani da ke ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, zai tarar da cewa yawancin tambayoyin da yara ke yi masa daga abin da suke gani a kewayensu suke fitowa. Da damina, idan ciyawa ta tofo kuma furanni suka buɗe, malam-buɗe-littafi yakan yawaita a bakin kududdufai da gefen gonaki, wani ƙato, wani kuma bai wuce farcen babban yatsa ba. Ba wuya yaro ya nuna biyu daga cikinsu ya ce, "Malam, wannan ƙaramin ɗan wancan babban ne?" Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "I", domin an saba ganin tsako ya girma ya zama kaza, ɗan maraƙi ya zama sa. Sai dai wannan amsa kuskure ce, kuma kuskuren malami ba ya tsayawa gare shi shi kaɗai. Aji guda zai ɗauka ya tafi da shi gida, wataƙila har girma.

Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa amsar ta zama kuskure, da abubuwan da ke haddasa bambancin faɗin fukafukan wannan ƙwaro, da kuma yadda za a koyar da batun cikin Hausa tsantsa.

1.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar faɗin fukafukai da yadda ake auna shi;
(b) kawo misalan manya da ƙananan ire-iren malam-buɗe-littafi tare da awonsu;
(c) bayyana dalilin da ya sa ƙarami ba ya girma ya zama babba;
(d) jero abubuwan da ke kawo bambancin girma a cikin iri guda;
(e) tsara darasin aji a kan awo da kalmomin kwatanta girma.

2.0 Sunan Ƙwaron

Malam-buɗe-littafi harɗaɗɗen suna ne, wato kalmomi uku ne aka haɗa suka ba da ma'ana ɗaya, shi ya sa ake rubuta shi da karan ɗori, kamar yadda ake rubuta dafa-duka da hana-salla. Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'ar ƙwaron: idan ya sauka a kan fure yakan haɗe fukafukansa a tsaye, sa'an nan ya buɗe su ya sake rufewa, tamkar malami yana buɗe littafi. A karin harshen Sakkwato, inda sautin /f/ kan koma /h/ kafin wasalin /i/, za a ji yara suna cewa littahi. Bai kamata malami ya tsawata musu a kan haka ba, sai dai ya nuna musu yadda ake rubuta kalmar a daidaitacciyar Hausa.

Wajibi ne a bambanta shi da ɗan'uwansa faɗa-wuta. Galibi malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, kuma 'yan ƙahonni biyu da ke kansa suna da ɗan kulki a ƙarshensu, alhali yawancin faɗa-wuta da dare suke fita, suna kewaye fitila. Wani abin lura shi ne, suna ɗaya tak Bahaushe yake amfani da shi yau da kullum, amma masana sun ƙididdige ire-iren malam-buɗe-littafi fiye da 17,000 a duniya. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi a shekarar 2005 wanda ya ƙunshi ire-ire kusan 1,500 na Afirka ta Yamma kaɗai. Wannan suna guda da ya lulluɓe ire-ire masu yawa yana cikin abin da ke sa a ɗauka duk gida ɗaya ne, mai iyaye da 'ya'ya. Domin kauce wa ruɗani, masana sukan ba kowane iri suna na Latin mai kalmomi biyu, bisa tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758. Irin waɗannan sunaye za a gani a sassa masu zuwa.

3.0 Ma'anar Faɗin Fukafukai da Yadda Ake Auna Shi

Malam-buɗe-littafi yana da fukafukai huɗu, biyu na gaba, biyu na baya. Faɗin fukafukai shi ne tazarar da ke tsakanin tsinin fiffiken gaba na dama da tsinin na hagu, idan an shimfiɗa su. Wannan awo ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin daidai yake da abin da mai awon igiya ke kira gaba, wato tazarar da ke tsakanin yatsun hannun dama da na hagu idan mutum ya ware hannuwansa. Malami zai iya farawa daga nan: ya sa yaro ya tsaya ya ware hannuwa, sa'an nan ya ce, "Ita ma gabar malam-buɗe-littafi haka ake auna ta."

Sai dai ma'aunan gargajiya kamar gaba da kamu da ɗani sun yi wa wannan aiki girma, kuma suna sauyawa daga mutum zuwa mutum. Saboda haka da rula ake awon, a rubuta da santimita ko milimita, milimita 10 kuwa su ne santimita 1.

Akwai wata matsala guda. Idan aka tura fukafukan gaba sosai, ko aka bar su suka koma baya, awon zai sauya, ko da kuwa ƙwaro ɗaya ne. Don haka masu bincike da yawa sun fi son auna tsawon fiffiken gaba guda ɗaya, daga inda ya haɗu da jiki zuwa tsininsa, domin wannan ba ya sauyawa. Ko wanne daga cikin hanyoyin biyu aka zaɓa, sharaɗin shi ne a tsaya a kan hanya ɗaya, kuma a faɗi wadda aka bi.

4.0 Manya da Ƙanana

4.1 A Duniya da Afirka

Mafi girman malam-buɗe-littafi da aka sani shi ne Ornithoptera alexandrae, wanda ake samu a wani ɗan yanki na dazukan ƙasar Papuwa Niyu Gini. Faɗin fukafukan macen kan kai santimita 25 zuwa 28, wato ya kusa tsawon rular makaranta mai santimita 30. Wani Bature mai tattara ƙwari, Albert Meek, shi ya samo shi a 1906, kuma saboda nisan da yake yi a sama, da bindiga ya harbo na farko. A 1907 aka raɗa masa sunan Sarauniya Alexandra ta Ingila.

A nahiyar Afirka kuwa, Papilio antimachus ne kan gaba. Faɗin fukafukansa masu tsawo da siranta yakan kai santimita 18 zuwa 23. A dazuka masu duhu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake zaune, har da na kudancin Nijeriya. Ba a samun sa a ƙasar Hausa.

A ɗaya ɓangaren akwai Brephidium exilis na nahiyar Amurka, wanda faɗinsa ke tsakanin milimita 12 da 20. Idan aka kwatanta mafi ƙanƙantarsa da babbar macen Papuwa Niyu Gini, za a ga bambancin ya haura ninki ashirin.

4.2 A Yankin Illela

Yankin Illela da Birnin Ƙonni na bakin Sahel ne, damina gajera, rani dogo. Ire-iren da suka saba da irin wannan ƙasa sun haɗa da waɗannan, kowanne da tsiron da tsutsarsa ke ci:

(i) Papilio demodocus: baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, faɗinsa kimanin santimita 10. Tsutsarsa ganyen lemo take ci, don haka a lambuna aka fi ganin sa.

(ii) Danaus chrysippus: mai launin ruwan goro da baƙin tsini mai fararen ɗigogi, santimita 7 zuwa 8. Tsutsarsa tana cin tumfafiya.

(iii) Catopsilia florella: fari mai ɗan sirkin kore, wasu matan kuma rawaya, kimanin santimita 6. Tsutsarsa tana cin dangin tafasa da rai-ɗore.

(iv) Belenois aurota: fari mai baƙaƙen jijiyoyi, santimita 4 zuwa 4.5. Tsutsarsa tana cin anza da danginta.

(v) Zizeeria knysna: ɗan ƙarami mai sirkin shuɗi, kimanin santimita 2, yana tashi ƙasa-ƙasa. Tsutsarsa tana cin tsidau da alayyafo.

(vi) Freyeria trochylus: ɗan mitsitsi, kimanin santimita 1.5, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya.

Wannan jeri ya nuna cewa a fili ɗaya ana iya samun wanda ya ninka wani sau biyar ko shida, kuma kowannensu baligi ne, mai cin gashin kansa. Ya kuma nuna cewa kowane iri yana da tsironsa. Manya-manyan ire-ire sun fi yawa a dazukan da ganye ba ya yankewa duk shekara, yayin da ƙasar da ciyawarta ke bushewa cikin 'yan watanni ta fi dacewa da ƙanana da matsakaita, masu kammala girma da wuri ko masu ƙaura.

5.0 Me Ya Sa Ƙarami Ba Ya Zama Babba?

Rayuwar malam-buɗe-littafi matakai huɗu ce. Na farko ƙwai ne, wanda mace ke ajiyewa a kan ganyen tsiron da ya dace. Na biyu tsutsa ce, wadda ba ta da aiki sai cin ganye. Da yake fatarta ba ta miƙewa sosai, takan yi saɓa kamar maciji duk lokacin da jiki ya cika ta, galibi sau huɗu, sa'an nan ta yi saɓar ƙarshe wadda ke shigar da ita mataki na uku. A wannan mataki takan maƙale a jikin reshe ko bango, ta zama wani ɗan dunƙule mai tauri wanda ba ya ci ba ya sha, wanda za a kira kwanso a wannan darasi. A cikin kwanson ne ake sake gina jikin gaba ɗaya. Mataki na huɗu shi ne fitowar baligi. Yakan fito da fukafukai jiƙaƙƙu a cukurkuɗe, sai ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu su miƙe, sa'an nan ya jira su bushe su ƙame.

Daga wannan lokaci girma ya ƙare. Baligi ba ya sake saɓa, fukafukansa kuma ba sa ƙaruwa. Ruwan furen da yake tsotsa ƙarfin tashi da na haihuwa yake ba shi, ba girma ba. Ko fiffiken ya yage, ba ya warkewa. Ashe ke nan ɗan malam-buɗe-littafi ba ƙaramin malam-buɗe-littafi ba ne, tsutsa ce. Duk faɗin da fukafukai za su yi an riga an yanke shi tun ƙwaron yana tsutsa.

Yaran karkara sun san wani misali da zai taimaka, wato fara. Ɗango yana kama da uwarsa, sai dai ba shi da cikakkun fukafukai, kuma yana girma ta hanyar saɓa. Amma da zarar fukafukai sun cika, ita ma fara ta daina girma. Bambancin kawai shi ne, ɗango ya ɗauko kamannin iyayensa, tsutsa kuwa ba ta ɗauko ba.

6.0 Dalilan Bambanci a Cikin Iri Guda

Ko a cikin iri ɗaya ba a samun awo ɗaya, shi ya sa ake cewa "santimita 7 zuwa 8". Manyan dalilan su ne:

6.1 Abinci. Tsutsar da ta sami ɗanyen ganye wadatacce takan shiga kwanso da nauyi, ta fito da faffaɗan fukafukai. Wadda ta tashi a kan tsiron da ya fara bushewa, ko wanda tsutsotsi suka yi wa yawa suka cinye ganyensa, takan shiga kwanso da wuri, ta fito 'yar tsigila. Wani lokaci akan ga wanda ya gaza 'yan'uwansa ƙwarai har a zaci wani iri ne daban, alhali yunwa ce ta tsumburar da shi.

6.2 Zafi da sanyi. A yawancin ƙwari, zafi yana gaggauta girman tsutsa, amma ta kammala da ƙaramin jiki, sanyi kuwa yana jinkirta ta, ta kammala da babban jiki. An tabbatar da haka a binciken da aka daɗe ana yi a kan wani iri na gabashin Afirka mai suna Bicyclus anynana, inda waɗanda suka tashi cikin sanyi suka fi girma. Saboda zafi da abinci suna aiki tare, ba daidai ba ne malami ya yanke hukunci cewa na rani kullum ya fi ƙanƙanta ko ya fi girma. Sai an auna.

6.3 Jinsi. A ire-ire da yawa mace ta fi namiji faɗi, domin ita ke ɗauke da ƙwai. Namijin Ornithoptera alexandrae bai cika wuce santimita 20 ba. Sai dai dokar tana da togaciya, domin a Papilio antimachus namiji ne ya fi.

6.4 Gado. Kowane iri yana da iyakar da ba ya wucewa. Komai ƙoshin tsutsar mai cin tsidau, ba za ta fito da fukafukan mai cin lemo ba.

Akwai gargaɗi biyu da suka dace a nan. Na farko, daidaiton girma da launi ba ya nufin iri ɗaya ne. Tsutsar Danaus chrysippus tana tara dafin tumfafiya a jikinta, don haka tsuntsaye ke ƙyamar baliginsa. Macen wani iri daban, Hypolimnas misippus, ta ɗauko launinsa da kusan girmansa, ta sami kariya a bagas, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo. Na biyu, faɗin fukafukai ba shi ne ma'aunin ƙarfin tafiya ba. Vanessa cardui, wanda faɗinsa kimanin santimita 5 zuwa 6 ne, yana ƙetare hamadar Sahara daga Turai ya iso Sahel wajen ƙarshen damina. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan ƙasar Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci wasu a gaɓar tekun Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, kuma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa sun ƙetare tekun Atlantika daga Afirka ta Yamma, tafiyar aƙalla kilomita 4,200.

7.0 Koyar da Darasin a Aji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kayan aikin da ake bukata duk suna kusa: rula, takarda, fensir, kwalba ko gwangwani mai faɗin baki, da ɗan ƙyallen tsohon gidan sauro.

Mataki na ɗaya: malami ya fara da tambayar da aka kawo a gabatarwa, ya bar yara su faɗi ra'ayinsu, ya rubuta a allo ba tare da ya yanke hukunci ba.

Mataki na biyu: a nemo tsutsa a kan tumfafiya ko tafasa, a sa ta cikin kwalba tare da ganyen tsiron da aka same ta a kai, a rufe da ƙyallen gidan sauro, a riƙa sauya ganye kullum. Malami ne zai tsinki tumfafiya da kansa, domin farin ruwanta yana cutar da ido, kuma a wanke hannu bayan an taɓa. Yara su auna tsawon tsutsar kowace safiya su rubuta.

Mataki na uku: idan baligi ya fito, a auna shi ta bayan kwalba a rana ta farko da ta biyu, sa'an nan a sake shi. Yara za su ga da idonsu cewa tsutsa ta yi ta ƙaruwa, shi kuwa bai ƙaru ba. Kada a bar yara su riƙa damƙar fukafukai, domin ƙurar da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne masu ɗauke da launin ƙwaron. Don awon faɗi, matattun da ake tsinta a hanya sun wadatar.

Mataki na huɗu: a fitar da matsakaicin awo. A ƙaddara an auna guda biyar na iri ɗaya an sami milimita 70 da 72 da 75 da 76 da 77. Jimilla 370 ke nan, idan aka raba gida 5 za a sami 74. Tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kuwa milimita 7 ce.

Mataki na biyar shi ne na harshe. Yara su jera kalmomin girma daga ƙasa zuwa sama: ɗan mitsitsi, ƙarami, matsakaici, babba, ƙato, makeke. Sa'an nan su gina jimlolin kwatanci da aikatau irin su fi da kai da gaza, misali: "Mai cin lemo ya fi mai cin tafasa faɗi", ko "Mai cin tsidau bai kai mai cin anza girma ba." Haka kuma za a iya ba su dama su laƙaba wa kowane iri sunan Hausa bisa tsironsa, kamar mai-cin-tumfafiya, bayan sun tambayi dattawan gari ko akwai sunan da aka gada.

8.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa faɗin fukafukan malam-buɗe-littafi ya kama daga kimanin milimita 12 zuwa santimita 28, kuma bambancin ba na shekaru ba ne. Tsakanin iri da iri gado ne ke kawo shi, a cikin iri guda kuwa abinci da zafi da jinsi ne, kuma duk ana yanke shi tun a matakin tsutsa. Amfanin wannan sani ya wuce aji. Yaron da ya gane cewa tsutsar da ke cin ganyen lemo ita ce za ta zama baƙin malam-buɗe-littafin da ke kewaya lambu, zai san lokacin da ya kamata ya duba dashen mahaifinsa. Shi kuwa malami, idan aka yi masa tambayar da bai tabbatar da amsarta ba, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauko rula da kwalba, shi da ɗalibansa su bincika tare.

9.0 Auna Fahimta

1. Me ake nufi da faɗin fukafukai? Wane ma'aunin gargajiya ne ya yi kama da shi?
2. Me ya sa masu bincike suka fi son auna fiffiken gaba guda ɗaya?
3. Kawo ire-ire huɗu da ake samu a yankin Illela, tare da awonsu da tsiron da tsutsar kowanne ke ci.
4. Bayyana matakan rayuwar malam-buɗe-littafi, sa'an nan a nuna matakin da girma ke faruwa.
5. Tattauna dalilai huɗu da ke kawo bambancin girma.
6. Kawo harɗaɗɗun sunaye biyar na ƙwari ko tsirrai, a rubuta su bisa ƙa'ida.

10.0 Jinga

Kowane ɗalibi ya tsara darasi na minti 35 don aji huɗu na firamare a kan kalmomin kwatanta girma, ya yi amfani da malam-buɗe-littafi a matsayin kayan koyarwa. Tsarin ya ƙunshi manufa da kayan aiki da matakan gabatarwa da tambayoyin auna fahimta, a miƙa shi kafin fita gwajin koyarwa.